Ƙin Yaƙi Ba Tsoro Ba Ne

Jama'ar unguwa, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar da rigima ta tashi, wanda ya ce a mayar da wuƙa kube shi ake kira matsoraci, wani lokacin ma maci amana. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata daga rayuwar wani baƙar fatan Amurka, Julian Bond.

An haife shi a 1940. Yana ɗalibi a birnin Atlanta ya shiga sahun matasan da suka kafa ƙungiyar SNCC a 1960, masu zuwa su zauna a gidajen abincin da aka hana baƙaƙe shiga. Ba sanda, ba wuƙa, a zage su, a kama su, gobe su dawo. Wannan ne tsoro?

A 1965 mutanensa suka zaɓe shi ɗan majalisar jihar Jojiya yana da shekara 25. Lokacin Amurka na tsaka da yaƙin Biyetnam. A watan Janairun 1966 aka harbe Sammy Younge, tsohon sojan ruwa baƙar fata, a jihar Alabama, don kawai ya nemi shiga bayan gidan da aka keɓe wa Turawa. Sai ƙungiyarsu ta fitar da sanarwar ƙin yaƙin, tana ganin rashin kunya ne a tura baƙaƙe su mutu a ƙasar wasu alhali ba su da kariya a gida. Bond ya ce yana bayan sanarwar. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a, 184 da 12, ta hana shi kujerarsa.

To, da ɗan siyasar cika aljihu ne, da ya ce ba a fahimce shi ba, ya ba da haƙuri, ya shige. Ya ƙi. Aka sake zaɓe, talakawansa suka sake dawo da shi. A watan Disambar 1966 Kotun Ƙolin Amurka, ba alƙali ko ɗaya da ya saɓa, ta ce an tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki. Ya shiga majalisar a 1967, ya yi shekara ashirin a majalisun jihar, daga baya ya shugabanci ƙungiyar NAACP daga 1998 zuwa 2010. Ya rasu a 2015.

Wani zai ce ai can Amurka ne, kotunsu na aiki. Na ji. Amma kafin kotu ta yi magana, wa ya riƙe shi? Mutanen mazaɓarsa ne, da katin zaɓensu. Nan ne mu muke da rauni. Mu nawa ne a unguwar nan muka yi rajista a inda muke zaune, muke kasuwanci, muka haifi 'ya'yanmu? Da yawanmu katin na can gida. Sai wuta ta tashi mu fara neman wanda zai tsaya mana.

Kuma masu zuga yara su ɗauki makami, a ina suke kwana idan ta ɓaci? Ba rumfarsu ke ƙonewa ba, ba 'ya'yansu ake binnewa ba.

Don Allah mu daina raina mai cewa a'a. Mu yi rajista, mu tsayar da wanda ba ya sayar da bakinsa, mu kuma tsaya masa ranar da aka taso shi gaba.