Kafin Ka Ɗaga Ƙarfen Eriya, Ɗaga Kai Ka Dubi Sama

Jama'a, masu gidaje da masu haya, iyaye da yayye, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar da zan yi ta shafi wannan dogon ƙarfen da muke kafawa a tsakar gida ko a kan katanga, mu ɗaura masa eriya don rediyo ta kama tashar da muke so, ko talabijin ya daina yayyafi, ko waya ta samu sabis. Ku hau soro a kowace unguwa ta Kano ko Zariya ko Maraɗi ku duba, za ku ga ƙarafan nan tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi, wasu sun karkace, wasu an ɗaure su da tsumma da igiyar shanya, da yawa kuma suna kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta.

Na ga abin da ƙarfen nan yake yi da idona. Wata Asabar ce bayan la'asar, a layinmu, ana shirin kallon ƙwallo da daddare. Maƙwabcinmu ya sa mai walda ya haɗa masa bututun ruwa guda biyu, kowanne mita 6, ya zama mita 12. Ɗansa na fari, saurayi ɗan shekara 19, shi da abokinsa suka kama gindin, maigidan yana daga ƙofar ɗaki yana cewa, "Ku ɗaga, ku ɗaga, ku yi dama kaɗan." Da ƙarfen ya miƙe sai nauyin saman ya rinjaye su, ya tafi luu ya nufi titi. Ƙara muka ji kamar an fasa taya, sai wani haske shuɗi. Abokin ya riga ya saki, shi ya sa ya tsira. Yaron kuwa tafin hannunsa biyu sun ƙone, silifas ɗinsa ɗaya ya narke a inda ya tsaya. Ya yi makonni a asibiti, ya rayu, amma har yau yatsu uku na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa, shi da yake koyon ɗinki. Uban ya daɗe ba ya iya haɗa ido da shi. Da muka je dubiya kowa abu ɗaya yake faɗa: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah. Ranar nan ba wanda ya ɗaure komai. Minti biyu na aune da taku da sun wadatar.

Don haka abu na farko, kuma shi ne uwa uba, a auna. Ka kwantar da ƙarfen a ƙasa tare da eriyarsa, ka san tsawonsa gaba ɗaya. Sannan ka auna daga inda za ka kafa shi zuwa ƙarƙashin wayar wuta mafi kusa. Masu wannan sana'a suna so tazarar ta ninka tsawon ƙarfen sau biyu. In gidanka bai ba da haka ba, kuma yawancin gidajenmu na cikin gari ba za su bayar ba, to mafi ƙaranci shi ne ka tabbata ko ƙarfen ya faɗi warwas ta kowace fuska, zai bar mita 3 tsakaninsa da wayar. In hakan ma bai samu ba, ka yanke ƙarfen, ko ka canza wuri, ko ka haƙura. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ku san kuma wayoyin da ke kan falwaya ba ɗaya ba ne. Na ƙasa, waɗanda ake jawo mana wuta cikin gida daga gare su, suna ɗauke da abin da ya kai bolt 230 zuwa 400, kuma wannan ma yana kisa. Guda ukun da ke can sama, masu zuwa taransifoma, bolt 11,000 ne ko 33,000. Waɗannan ba sai ƙarfe ya taɓa su ba. Ya kusanto sosai kawai, wutar za ta tsallako ta iska ta same shi, ta bi shi ta sauka ta jikin wanda ke riƙe da shi. Safar hannu ta leburanci da takalmin roba na kasuwa ba su da abin da za su iya a nan. Dokar wutar lantarki ta Najeriya ta ware mita 5.5 a kowane gefe na irin waɗannan layukan, mita 15 ga layin 132,000, mita 25 ga babban layin 330,000, ba a yarda a yi gini a ciki ba. In an hana bulo tsayawa a wurin, ina ga ƙarfe mai mita 12?

Akwai kuma kalmar da ta jefa mutane da yawa cikin halaka: "Ai an ɗauke wuta." Don Allah mu cire wannan daga bakinmu. Wanda zai dawo da wutar yana zaune a ofis nesa da kai, bai san kana riƙe da ƙarfe ba, kuma ba zai yi maka sallama ba. Ko ba a dawo da ita ba, maƙwabcin da ya tayar da janareto bai raba layinsa da na titi ba yana iya tura wuta cikin wayar. Kowace waya ka ɗauke ta mai rai ce, dare da rana. In aikin dole ne ya kusanci layi, ka je ofishin kamfanin raba wuta na yankinku, KEDCO ne ko na Kaduna ko na Jos ko na Yola, ko NIGELEC in a Nijar kake, ka nemi su kashe layin da saninsu, su tsaya a wurin.

Me ya sa ma muke son tsawon nan haka? Dalilin gaskiya ne. Mu mutanen rediyo ne tun fil azal. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da mu, kuma iyayenmu sun kama shi da guntuwar waya a rataye a reshen darbejiya, domin gajeren zango yana tafiya sama ya dawo ƙasa, bai damu da tsawon eriya sosai ba. Tashoshin FM da na talabijin kuwa kusan a miƙe sautinsu yake tafiya, sai eriya ta hango inda yake fitowa. Shi ya sa wanda ke ƙauye nesa da birni yake ɗaga ƙarfe. Sai dai ribar tsawo ba ta tafiya daidai da tsawon. Kafin nisan da eriyarka ke hangowa ya ninku biyu, sai ka ninka tsawon ƙarfen sau huɗu. Mai mita 4 sai ya kai 16. Sau da yawa abin da ke hana ka kama tasha tsohuwar waya ce da rana ta cinye, ko mahaɗar da ruwa ya shiga ta yi tsatsa, ko eriya ta juya baya ga tashar. Ka gyara waɗannan tukuna. Da zarar eriya ta haura rufin gidanka da na maƙwabta, yawanci ta samu abin da take nema, ƙarin da kake yi bayan nan haɗari kake ƙara wa iyalinka.

Sai gindi. Ƙarfen da aka tura cikin ramin da bai wuce kamu biyu ba, aka cusa masa duwatsu, aka ɗaure shi jikin katangar ƙasa, wannan jiran ranarsa yake. Duk mun san iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabanta, ta yaye kwano ta kai shi unguwa ta gaba. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudunta ya ninku biyu, kuma duk abin da ta tura a saman ƙarfe, gindin ne ke ɗaukarsa ninki-ba-ninki. Ka haƙa rami mai zurfi, ka zuba kankare na gaske, siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ka riƙa ba shi ruwa, kada ka ɗora masa nauyi sai ya yi aƙalla mako guda; cikakken ƙarfinsa ma sai ya kwana 28. Dogon ƙarfe yana buƙatar wayoyin ƙarfe guda uku da za su riƙe shi ta fuska uku, tazararsu daidai da juna, kowacce a ɗaure ta a turken da aka binne da siminti, nesa da gindi da kamar kashi biyu cikin uku na tsawon. Kada a ɗaure a jikin taga, ko azara, ko famfo, balle falwaya. A rataya musu wani abu mai launi daidai tsawon yaro, domin yaran gida suna guje-guje da magariba. In kuwa hasumiya ce sosai mai ƙafa uku ta walda, wannan ta wuce aikin ni da kai, injiniya za a kira ya lissafa. Wanda ke kusa da filin jirgin sama kuma sai ya nemi izinin tsawo daga hukumar NCAA.

Ranar ɗagawa a tara manya, mutum uku ko huɗu, a sa ɗaya ya koma gefe ba ya riƙe komai, aikinsa kawai ya dubi saman ƙarfen da wayar wuta, ya yi tsawa in ya ga sun kusanci juna. A gaya wa kowa tun kafin a fara: in ya rinjaye ku, ku saki ku gudu. Eriya ana sayenta a kasuwa. A kori yara daga tsakar gida. Kada a yi da daddare, kada a yi kwano yana jiƙe, kada a yi hadari yana haɗowa. Tsani a ja gindinsa baya da taku ɗaya ga kowane taku huɗu na tsawo, wani ya riƙe. Wanda zai hau sama ya ɗaura bel a ƙugu ya maƙala shi a abu mai ƙarfi. Kuma ina roƙon iyaye da babbar murya, ku daina cewa, "Kai, hau ka juya mana eriya," ga yaro ɗan firamare don shi ne mara nauyi. Tsohon kwano da tsatsa ta ci ba ya tambayar nauyin kowa.

Yanzu aradu. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a unguwa shi ne wurin da ta fi saurin sauka, kuma walƙiya ɗaya tana ɗauke da wutar da ta kai wajen amfiya 30,000. In ta sauka a ƙarfenka dole ta nemi hanyar ƙasa. In ba ka yi mata hanya ba, wayar eriya za ta biyo, ta shigo ta taga, ta isa bayan talabijin, inda matarka da 'ya'yanka ke zaune a tabarma. Hanyar da za ka yi mata ba ta da tsada in aka kwatanta da abin da take karewa. Sandar jan ƙarfe ce mai kimanin mita 2.4 a kafa ta cikin ƙasa kusa da gindin, a haɗa ta da ƙarfen da kakkaurar wayar jan ƙarfe, gajera, miƙaƙƙiya, babu lanƙwasa mai kaifi. Mai aikin wayarin na ƙwarai zai haɗa wannan sanda da ta gidan, ya kuma sa na'urar tare tsawa a kan wayar eriya daidai inda za ta shiga ɗaki. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau, shi ya sa ake neman wuri mai laima. Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, don haka a riƙa tonawa ana dubawa kafin kowace damina. Duk da haka, da ka ga gabas ta yi baƙi, ka zare wayar eriya daga jikin kaya, ka ajiye ta nesa da mutane, tun kafin tsawa ta fara. In ta riga ta fara, kada ka taɓa. Bayan ƙarar ƙarshe a jira minti 30 kafin wani ya fita wurin ƙarfen.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya faru, ku riƙe wannan. Wanda wutar lantarki ta kama, kada ka kai masa hannu yana manne da ƙarfen, za ku zama biyu. In wutar gida ce, a ruga a kashe ta daga mita, ko a ture shi da busasshen katako. In babban layi ne, katako ma ba ya tsare kowa, ƙasar wurin kanta tana ɗauke da wuta, sai a ja da baya aƙalla mita 10, a hana jama'a matsowa, a kira kamfanin wuta da lambar gaggawa 112. Wanda aradu ta faɗa wa kuwa, jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan. A taɓa shi nan take, in ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji, a nufi asibiti. Kada a tsaya neman nono ko jiran wani mai magani. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita ya duba zuciyarsa, domin ƙunar wuta ta ciki ta fi wadda ido ke gani.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai su faɗi wannan a masallaci kafin ruwan farko. Ina kira ga masu walda, in an kawo muku bututu biyu a ce ku haɗa, ku tambayi mai shi ina zai kafa, in kun ji kusa da waya ne ku ƙi. Gidajen rediyo, ku da ake ɗaga ƙarfen nan don a ji muryarku, ku ba da minti biyar a shirin safe. Kai kuma maigida, yau ɗin nan bayan la'asar ka fita tsakar gida, ka tsaya a gindin ƙarfenka, ka girgiza shi ka ji ko yana motsi, ka dubi tsatsar da ke wuyansa, ka auna da taku daga nan zuwa wayar titi, ka duba ɗakin wa zai faɗa wa in iska ta kayar da shi. In abin da ka gani bai kwanta maka ba, ka tara mutane ku sauke shi gobe da safe. In ka ga na maƙwabcinka ne ya jingina da waya, ka yi masa sallama ka gaya masa, ko da zai ji haushinka.