Shari'ar Palworld: A Kare Zane, A Sakar Wa Dabara Mara

A watan Satumban 2024 kamfanonin Nintendo da The Pokémon Company suka maka kamfanin Pocketpair a kotun gundumar Tokyo kan wasansa na Palworld, wanda aka sayar da kwafinsa miliyan 8 cikin kwana shida da fitowarsa a Janairun shekarar. Jama'a sun zaci kamanni ne za a yi shari'a a kai, domin wasu halittun Palworld da na Pokémon kamar an tsaga kara. Masu ƙara ba su bi ta nan ba. Takardun mallakar ƙirƙira uku suka ɗauko, waɗanda suka shafi yadda ɗan wasa ke jefa ƙwallo ya cafke halitta, da yadda yake hawanta. Kowane kamfani ya nemi diyyar yen miliyan 5, da kuma dakatar da wasan.

Diyyar ba abin a zo a gani ba ce. Abin da ya dame mu shi ne ƙofar da ake neman buɗewa. Zanen Pikachu na masu shi ne, duk wanda ya kwaikwaye shi ya cancanci hukunci. Dabarar kama halitta a mayar da ita abokiyar faɗa kuwa ta girmi Pokémon da ya fito a 1996. Megami Tensei ya zo da ita a 1987, Dragon Quest V ya biyo baya a 1992. Da masu waɗannan wasanni sun garƙame dabarar, da Pokémon bai samu wurin tsayawa ba.

Su kansu takardun uku an nemi rajistarsu ne a 2024 bayan fitowar Palworld, ko da yake an tsago su daga wasu buƙatu na 2021. Tun kafin a yanke hukunci Pocketpair ya riga ya ja da baya: ya cire jefa ƙwallo wajen fito da halitta, ya kuma hana shawagi a sama da halittar kanta. Idan kamfani mai wannan ciniki ya sunkuya haka, ina ga matasa uku masu kwamfuta ɗaya da ba su da kuɗin lauya?

Muna kira ga kotu da ofisoshin rajista su bambance zane da tsarin wasa. Idan Nintendo na ganin an saci kamannin halittunsa, ya shigar da ƙara a kan wannan, ya kawo hujja.