A ba mu tiyo da sola, mun gaji da taliya



A Kanada, inda aka halatta wiwi tun 2018, wasu na noma ta a cikin zaren ɓawon kwakwa maimakon ƙasa. Zaren ba ya ciyar da shuka, sai a narka taki a tanki, na'ura ta riƙa ɗiga shi a gindin kowace shuka, daidai awo, daidai lokaci. Wiwi dai haramun ce a wurinmu, ga addini ga doka. Amma dabarar ba ta da laifi, da irinta ake noman tumatir a Holan.

Mu nan Dambatta rabon gado ya mayar da gonaki kamar tabarma. Tawa ba ta kai eka ɗaya ba. In na malala ruwa, rairayi ya shanye, takin da na ciwo bashi ya bi shi. Ga dam ɗin Thomas a kusa, amma da rani samarinmu sai ci-rani ko zaman shaye-shaye.

Shugabanni, don Allah a canza salon rabon tallafi. A ba kowace mazaɓa tanki, siririn tiyo mai ɗigo da famfon sola, a koya wa matasa awon taki. Yaron da ke jiran tumatirinsa ya nuna, wa zai ɗauke shi haya ya yi sara-suka?