Ra'ayinmu: Mai Keke Ma Yana da Rabo a Titi

Sanin kowa ne cewa keke ya dawo. Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin titi a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, zai gane wa idonsa. Ga ɗan makaranta ya goya ƙanensa, ga manomi ya ɗaure fartanya a kariya, ga mai itace da kayan da suka fi shi tsawo, ga mai jarkunan ruwa, ga kuma malamin firamare wanda ya jingine babur a zaure saboda albashinsa ya kasa ciyar da shi. Kekuna sun ƙaru, amma wurin da za su bi bai ƙaru ko da taƙi ɗaya ba. A kan wannan ne muke son mu ja hankalin hukuma da jama'a a wannan mako.

Dalilin dawowar keke ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun kafin nan ma mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashin babur. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle, saboda matsalar 'yan bindiga, ta rufe kasuwannin mako, ta ƙayyade sayar da mai, ta kuma hana hawan babur da dare. An sassauta waɗannan dokoki daga baya, amma talaka ya ɗauki darasi: abin hawan da ba ya shan mai shi ne wanda ba ya yashe ka ranar wuya. Mutanen Maiduguri sun riga mu sanin haka, domin tun da aka hana babur a garin a 2011 keke ya zama abin hawan yaro da babba.

Dattawanmu za su tuna lokacin da keke yake da daraja. Bayan da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, wanda kuwa kakarsa ta yi kyau, burinsa shi ne ya sayi Raleigh sabo ful, ya yanki lasin a En'e, ya hau ranar kasuwa ana kallonsa. Da kuɗin mai suka shigo, babur da mota suka yawaita, sai dokin ƙarfe ya koma alamar rashi. Daga nan ne masu auna hanya suka daina lissafi da shi. Ana auna faɗin kwalta daidai motoci biyu, abin da ya rage a gefe kuwa a bar shi ga ruwan sama.

Ga yadda abin yake a garuruwan nan uku. Babbar hanyar da ta taso daga Gusau, idan ta iso Ƙaura sai ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi har zuwa Isa da Sabon Birni, ɗaya ta nufi Zurmi har zuwa Jibiya. A bakin waɗannan hanyoyi ne tasha take, da shaguna, da masu shayi, da makarantu. Wato hanyar da direban gingimari yake ɗauka ta wucewa ce, ita ce kuma titin da ɗan garin yake bi zuwa asibiti ko masaƙa. Gefen kwalta kuwa, inda mai keke ya kamata ya bi, damina ta gutsure wani wuri, rairayi ya binne wani, an ajiye tirela a wani, mai tebur ya kafa kayansa a wani, ga lambatu a buɗe. Mai keke yana da zaɓi biyu ne kawai: ko ya hau kwalta ya yi gogayya da motar da ta fi shi nauyi ninkin ba ninki, ko ya faɗa rairayi tayar gaba ta kafe. Wanda ya ɗauko itace ko buhun gero ba ya iya kaucewa da sauri, birkinsa ma ba ya kamawa kamar na wanda ba shi da kaya. Wanda ya taɓa ganin bakin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san abin da muke faɗi.

Gudu shi ne ke raba rauni da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayani cewa idan mota mai gudun kilomita 30 a awa ta buge mutum, a cikin 10 wajen 9 za su rayu, amma idan gudun ya kai 45 waɗanda za su rayu ba su kai rabi ba. Ƙa'idar hanya ta ƙasarmu ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, ita ma ɗin direbobi nawa ne ke bin ta? Mai keke ba shi da ƙarfe a kewaye da shi. Jikinsa ne bodin motarsa. In kuma aka karya ƙafar magidanci mai sayar da ruwa, ba shi kaɗai aka karya ba, har da tukunyar gidansa.

To, me ya sa ba a jin kukan mai keke? A ganinmu, saboda shi kaɗai ne a kan titi ba shi da baki. Direbobi suna da ƙungiyarsu mai ofis a kowace tasha. 'Yan kabu-kabu suna da tasu, haka masu a-daidaita-sahu, haka 'yan kasuwa. Idan za a tashi tasha ko a sake mazaunin kasuwa, ana kiran shugabanninsu a zauna da su. Mai keke kuwa ba wanda ke gayyatarsa, domin ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Ba mu ce manya ba su taɓa maganar keke ba. A 2001 marigayi Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har shi da kansa ya hau zuwa taron majalisar ministoci a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin rami. Mutane sun yi ta dariya, amma darasin ba na dariya ba ne: idan titin babban birnin ƙasa bai bar wa minista wurin wucewa ba, ina ga mai itace? Haka kuma tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Akan ga manya sun hau sababbin kekuna da jiniya gaba da baya, a ɗauki hoto, a watse. Washegari mai keke na gaskiya ya koma rairayinsa.

Inda aka gyara wannan al'amari, jama'a ne suka tashi. A ƙasar Holan, a shekarar 1971 kaɗai, haɗarin hanya ya ci rayuka wajen 3,300, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka haɗa kai, suka yi ta zaman dirshan a kan tituna suna neman a ba 'ya'yansu hanya. Da tsadar mai ta 1973 ta zo, sai hukuma ta saurare su. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Kada a ce wannan sai Turai. A Tamale ta arewacin Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da zango, akwai layin keke a gefen manyan tituna. A Wagadugu ma an ware wa masu ƙafa biyu nasu gefen. Waɗannan garuruwa ba su fi mu arziki ba, rana da ƙura kuwa iri ɗaya muke sha.

Mun san wani zai ce, mutanen da ake tarewa a hanyar Shinkafi da ta Zurmi, ana sace su ana kashe su, su ne za a yi wa zancen keke? Gaskiya ne, tsaro shi ne gaba da komai, kuma layin fenti ba ya korar ɗan bindiga. Sai dai wannan masifar ita ce ta kwaso mutanen ƙauyuka ta zuba su cikin gari, yawancinsu ba su da abin hawa sai ƙafa da keke. Wanda ya tsira daga daji bai kamata ya zo ya mutu a bakin tasha ba. Bugu da ƙari, abin da muke nema ba ya bukatar soja ko jirgin yaƙi, yana hannun hukumomin da ke tare da mu a gari.

Saboda haka muna kira da farko ga ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba su ikon yanka wa keke da amalanke da baro lasin. Shi dai wannan jadawalin ne ya ɗora masu kula da tituna, da magudanan ruwa, da fitilun hanya, da kasuwanni da tashoshin mota. Wanda doka ta ba ikon karɓar kuɗin keke, ta ɗora masa nauyin hanyar keke. Su kwashe rairayin gefen titi, su rufe lambatu, su samar wa manyan motoci wurin tsayawa a bayan gari, su zauna da masu tebur a ja da su baya cikin mutunci ba tare da an raba kowa da abincinsa ba.

Na biyu, muna roƙon gwamnatin jiha da ta tarayya, duk lokacin da za a sake gina hanyar da ta ratsa ɗaya daga cikin garuruwan nan, a sa cikin kwangila cewa za a bar ƙafa 5 zuwa 6 na kwalta a kowane gefe, a ja masa layi, a yi tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwanni da kuma wajen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Masu iya magana sun ce tun ranar gini ranar zane. Abin da za a ƙara yayin da injin ke wurin bai kai abin da za a kashe in an dawo gyara ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma, wadda aka kafa tun 1988, ta riƙa shiga tashoshi tana tuna wa direbobi cewa hon ba ya mayar da titi na mutum ɗaya.

Na ƙarshe, ku masu keke, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gyara birki, a sa ƙararrawa, a liƙa abin da ke ƙyalli a baya saboda dare, a daina bin hannun da ba naka ba, kada kuma a ɗora wa yaro kayan da suka fi ƙarfinsa. Sannan ku haɗa kai. Rumfar mai facin taya ta ishe ku wurin taro, shi ne ma ya fi kowa sanin wanda aka buge da inda aka buge shi. Ku naɗa dattawa biyu ko uku, ku rubuta wuraren da suka fi haɗari, ku kai wa mai unguwa da hakimi, su raka ku wurin shugaban ƙaramar hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Titi na jama'a ne, da kuɗin kowa aka yi shi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.