Habbatus Sauda Da Gyambon Baki: Gwajin Zomo Bai Isa Hujja Ba

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata kalma da ta yawaita a bakin masu sayar da magungunan Musulunci a kasuwanninmu, watau "ai likitoci sun gwada". Da ita ake tallar man habbatus sauda ga mai fama da ƙurajen nan na cikin baki masu hana cin tuwo da shan kunu mai zafi.

Ba ma jayayya a kan falalar habbatus sauda, domin ambatonta ya tabbata a cikin Sahihul Buhari. Gwajin ma kuwa an yi shi. A shekarar 2010 waɗansu likitocin haƙori a birnin Mosul na ƙasar Iraƙi sun ba da rahoton cewa man habbatus sauda ya gaggauta warkewar gyambon baki a jikin zomaye. Haka kuma a 2016 masana a ƙasar Koriya sun sami irin wannan sakamako da sinadarin da ke cikin kurkur, su ma a kan zomaye.

To, amma yaya ake yin gwajin? Akan ɗauki lafiyayyen zomo ko ɓera, a sa masa maganin kashe zafi, sa'an nan a ƙona masa cikin baki da wani ruwa mai cin nama, ko a yanke ɗan wuri. Sai a raba dabbobin kashi biyu, a shafa wa kashi ɗaya magani, a bar ɗayan, ana auna faɗin gyambon har ya rufe. Ashe ke nan abin da aka warkar ƙuna ce ko yanka a jikin dabba mai ƙoshin lafiya. Na ɗan Adam kuwa sau da yawa daga ciki yake tasowa: ƙarancin jini, ko rashin waɗansu sinadaran abinci, ko yawan damuwa. Shi ya sa masanan da kansu ke ɗaukar wannan gwaji a matsayin matakin farko, kafin a zo ga gwada maganin a kan mutane.

Har wa yau, ƙurjin baki na yau da kullum yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Wanda ya shafa mai ya warke a kwana na goma zai rantse man ne, haka ma wanda ya kurkure baki da ruwan bagaruwa. Ita bagaruwa, mu faɗi gaskiya, tana da abin da ke tsuke nama, wanda majema suka daɗe da sani, don haka tana iya rage raɗaɗi.

Inda haɗarin yake shi ne gyambon da ya wuce mako 3 bai rufe ba, musamman in gefensa ya yi tauri ko yana zubar da jini, balle ga mai shan taba ko mai sa garinta a baki. Irin wannan yana iya zama farkon ciwon daji, kuma ganinsa da wuri ne ke ba likita damar yin aiki. Ɗan kasuwar da irin wannan majinyaci ya zo wa, ya miƙa masa kwalba ta uku yana kafa hujja da zomo, ya shiga cikin algus ɗin da shari'a ta hana, ko da kuwa man nasa tsantsa ne. Abin da ya kamace shi shi ne ya mayar da kwalbar kan kanta, ya ce wa mutumin ya tafi asibiti a duba bakin nan tun yau.