Haƙƙin da ke kan mai kiwon kifin gufi

Yawancin kifayen da Bahaushe ya sani, irin su tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, ƙwai suke sakawa. Akwai kuwa wani dangi na ƙananan kifaye masu launi wanda macensa ke riƙe ƙwai a cikinta har su ƙyanƙyashe, sannan ta haifi ƴaƴa masu iyo nan take. Fitattu a dangin su ne gufi da moli da filati da mai wutsiyar takobi. Su aka fi haɗawa a akwatin gilashi na ado a gidaje, domin ba su da faɗa, ba su da tsada, suna kuma jure kuskuren sabon shiga. Wannan sauƙi ne ya sa ake sayensu kamar furen roba, alhali kuwa dabbobin kiwo ne. Wajibi ne mai saye ya san inda ƴaƴan za su tafi tun kafin ya biya kuɗin iyayen.

Gufi ya isa misali. Asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, wato Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad. Ya samo sunansa daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Macen kan ɗauki ciki na kwana 21 zuwa 30, kuma babbar mace tana iya haifar ƴaƴa fiye da hamsin a lokaci guda. Tana kuma adana maniyyin namiji a jikinta na tsawon watanni, ta yi ta haihuwa ko da an raba su. Ƴaƴan kan balaga cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ya sayi kifi shida a farkon shekara yana iya rasa yadda zai ƙirga su kafin damina ta kankama.

Cunkoso shi ne ajalin kifin akwati. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce kuwa, kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matatar ruwa ne kaɗai ke karya ta, su ma iyakar ƙarfinsu. Gufi ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28. A Yamai ko Maraɗi zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ruwa mai zafi kuma iskar shaƙarsa kaɗan ce. Idan wuta ta ɗauke, famfon iska ya tsaya, akwatin da ya cika maƙil shi ke fara asara.

A nan ne mai kiwo kan yi abin da yake gani tausayi ne: ya kwashi rarar ya zuba a magudanar ruwa ko tafki. Wasu ma kan kafa hujja da cewa gufi na cin tsutsar sauro, kuma da wannan dalili aka kai shi ƙasashe da dama tun zamanin mulkin mallaka. Hujjar ba ta da ƙarfin da ake zato. Bitar da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2017 ba ta sami ingantaccen binciken da ya nuna cewa sakin kifaye masu cin tsutsar sauro ya rage zazzaɓin cizon sauro a cikin mutane ba. Ɓarnar kuwa an gan ta: inda gufi ya kafu yakan yi gasar abinci da ƙananan kifayen wurin. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya a ruwan da babu irinta. Abin da aka zuba a kwata da damina, ambaliya na iya kai shi kogin Kwara, kuma babu komar da za ta dawo da shi.

Rigakafi ya fi magani, hanyoyinsa kuma masu sauƙi ne. Mai son launi kawai ya ajiye maza zalla, su ne dama masu ado. Mai son ganin haihuwa ya haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku don kada a gajiyar da mace guda, ya kuma shirya da mai sayarwa ko wani mai kiwo da zai karɓi ƴaƴan. Ya riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako da ruwan da aka kawar da sinadarin kulorin ɗinsa, ya ba da abincin da za su cinye cikin minti biyu. Wanda bai shirya wa waɗannan ba, gara ya jinkirta sayen har ya shirya.