Cibiyar Ƙwallon Gilashi Ita Ce Shaidar Shekarunsa

A cikin kayan wasan yara da wuya a sami wanda ya kai ƙwallon gilashi ƙanƙanta da araha. Ɗan dunƙule ne wanda bai fi ɗan kanya girma ba, faɗinsa kamar milimita 16, ga launi iri-iri a cikinsa. Amma a ƙasashen Turai da Amurka akwai dattawa masu furfura waɗanda suka ɗauki tara tsofaffin ƙwallayen nan da muhimmanci, har ana yin gwanjonsu, wani ƙwaya ɗaya tak ya yi kuɗin da buhun sababbi ba zai yi ba. To, tun da kuɗi ya shiga cikin al'amarin, algus ma ya shiga. Abin tambaya shi ne, yaya ake rarrabe tsoho na ainihi da sabo? Amsar tana wurin wani ɗan tabo wanda marar sani yake ɗauka aibi ne.

Kafin a gane tabon nan sai an san inda aka yi ƙwallon da yadda aka yi shi. A tsakiyar ƙasar Jamus, cikin duwatsun dajin Thuringia, akwai wani ɗan gari da ake kira Lauscha. Tun a shekarar 1597 wasu mutum biyu, Hans Greiner da Christoph Müller, suka kafa maƙerar gilashi a wurin, garin kuma ya tashi a kan wannan sana'a. A nan ne Ludwig Müller-Uri ya ƙera idon gilashi domin masu ido ɗaya a shekarar 1835. Cikin shekarun 1840 wani daga zuriyar Greiner ya ƙago wani irin almakashi mai ɗan ƙoƙo a bakinsa, wanda yake mulmula narkakken gilashi ya kuma yanke shi. A 1849 hukuma ta ba Elias Greiner takardar mallakar wannan dabara, a 1853 kuma ya gina masana'antarsa a garin. Daga nan ƙwallayen Jamus suka bazu cikin duniya, Amurka ce kuwa babbar kasuwarsu.

Duk wanda ya taɓa ganin Masaga na Bida suna narka kwalba suna yin ƙarau da duwatsun wuya, ba zai sha wahalar fahimtar aikin ba. Maƙeri yakan ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, ya mirgina shi a kan wasu siraran tsinkayen gilashi masu launi da aka jera, su manne masa. Sai ya sake tsoma shi cikin farin gilashi garai-garai ya lulluɓe su. Yakan maimaita haka sau biyu ko uku, sa'an nan a ja dunƙulen ya yi tsawo kamar karan rake. Bayan haka sai a riƙa gasa bakin karan, ana murɗa shi cikin ƙoƙon almakashi, ana yanke ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, a ajiye su su huce sannu a hankali don kada su fashe.

Wurin da almakashi ya yanka ba ya yin sumul. Yakan bar ɗan kaushi ko ɗan lotsawa, watau kamar cibiya a cikin jariri. Da yake daga jikin kara aka yanko ƙwallon, cibiyar takan zama biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, zaren launin da ke ciki kuma yana tasowa daga ɗaya ya murɗa ya ƙare a ɗayar. Saboda haka abu na farko da gwani yake yi idan an miƙa masa ƙwallo shi ne ya shafa shi da yatsa, ya ɗaga shi ga haske, ya bi zaren da ido har inda ya tsuke. In ya sami cibiya a nan, to ya sami shaidar farko cewa aikin hannu ne. Ƙananan kumfar iska a ciki da ɗan rashin daidaituwar mulmula su ma suna ƙarfafa shaidar.

Ƙwallayen hannu na Jamus iri-iri ne, ana kuwa bambanta su da abin da ke tsakiyarsu. Akwai mai farin zare ko rawaya da ya sarƙe kamar raga, wadda dabara ce da aka gada daga maƙeran birnin Banis na Italiya. Akwai mai tsakiya guda a dunƙule, akwai kuma wanda tsakiyarsa ta rabu ƙyalle uku ko huɗu. Akwai wanda ake kira ɓawon albasa, domin launinsa a shimfiɗe yake dab da fatar waje. Wani irin kuma mai tsada, wanda ake kira Lutz, yana da ratsi mai walƙiya kamar zinariya, alhali kuwa garin jan ƙarfe ne cikin gilashi. An laƙaba masa sunan Nicholas Lutz, wani Bafaranshe maƙerin gilashi da ya yi aiki a Amurka, amma dai a Jamus aka yi su. Sai kuma farin ƙwallo mai ɗan mutum-mutumin dabba ko tsuntsu a cikinsa. Da farar laka aka yi siffar, 'yar iskar da ta maƙale tsakaninta da gilashi ita ke sa ta sheƙi kamar azurfa. Shi wannan cibiyarsa ɗaya ce, domin ɗai-ɗai ake yin sa, ba daga kara ba.

Inji ne ya kashe kasuwar almakashi. Martin Christensen, haifaffen Denmak da ya zauna a garin Akron na Jihar Ohio, ya sami takardar mallakar injin mulmula ƙwallo a shekarar 1905. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, kayan Jamus suka daina isa Amurka, masana'antun can suka gaje kasuwar. Kamfanin Christensen ya rufe a 1917, amma Akro Agate, mai tambarin hankaka, wanda ya koma Clarksburg ta Jihar West Virginia a 1914, ya bunƙasa ya yi ta aiki har 1951. Cikin shekarun 1950 sai ga ƙwallayen Japan masu araha, waɗanda ake kira idon kyanwa, sun cika kasuwa, kamfanonin Amurka da dama suka durƙushe.

Kada mai karatu ya zaci cewa duk ƙwallon inji banza ne. Su ma akwai tsofaffinsu masu daraja, sai dai alamarsu dabam ce. Na farko-farko da hannu ake ɗebo gilashinsu kafin inji ya mulmula, shi ya sa akan ga launin ya naɗe a gefe ɗaya kamar lamba 9. Na baya ba su da cibiya, sai ɗan layi ko biyu kamar ɗinki inda aka datse gilashin. Akro Agate ya yi suna da wani iri wanda launinsa yake zagaya ƙwallon daga sama har ƙasa kamar naɗin rawani, ba tare da ya ƙetare kansa ba. Wasu kuma akwai sinadarin yuraniyom cikin gilashinsu, suna yin kore shar idan aka haska su da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Amma wannan haske shi kaɗai ba hujja ba ne, domin akwai sababbi masu yin haka.

Babbar asarar da ake yi a wannan fage daga mai kayan take fitowa. Mutum ya tsinci tsohon ƙwallo cikin akwatin kakansa, ya ga ƙarce da kaushi, sai ya kai a goge masa da inji don ya yi ƙyalli. Gugar takan cinye fatar gilashin, ta rage girmansa, ta fasa kumfar da ke kusa da waje ta bar ramuka, ta kuma shafe cibiyar. Ƙwallon zai fito fes, amma shaidarsa ta tafi, darajarsa ta faɗi warwas. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. A ɗaya gefen kuma akwai macuta masu ɗaukar sabon ƙwallo su ƙarce shi su yi masa cibiyar ƙarya. Kama da wane ba ta wane: cibiyar ƙarya sau da yawa ba ta zama daidai inda zaren launi ya tsuke, ƙarcen hannu kuma yakan bi hanya ɗaya, alhali na wasan yara ko'ina yake warwatse, da 'yan tabba masu kama da jinjirin wata inda ƙwallo ya bugi ɗan'uwansa.

Saboda haka wanda Allah ya sa irin wannan kaya ya faɗo hannunsa, abin da ya kamace shi kaɗan ne. Ya wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ya share da tsumma mai laushi, kada ya sa ruwan zafi. Kada ya tara su cikin kwalba ɗaya suna gogar juna, ya raba wa kowanne mazauninsa. Ya rubuta inda ya samo shi da shekarar da ya same shi, domin sanin asali yana ƙara wa kaya daraja. Kada kuma ya yi garajen sayarwa ko saye sai ya nuna wa wanda ya sani, ya kuma gwada da wanda aka tabbatar da asalinsa. Tabon da maƙerin Lauscha ya bari fiye da shekara ɗari da suka wuce, a bar shi inda yake.